Sallama a Maɓalli na Biyu

Ɗakin da muka kama a Guangzhou bai fi shagon tela ba. Yana hawan sama na wani tsohon bene a bayan titin Zhanxi, inda kasuwannin takalma suke, kuma in ka buɗe taga warin roba da gam ne zai fara shigowa kafin hayaniyar masu tura kwalaye. Mu uku ne a ciki. Ni daga Kano na fito, takalma nake saya ina aika wa mutanen Ƙofar Wambai. Akwai wani dattijo daga zangon Kumasi wanda ya girme mu, muna ce masa Alhaji, shi harkarsa jakunkunan mata da silifa. Na ukun mutumin Damagaram ne, sa'ana, dogo, mai yawan dariya, shi ma takalma yake yi. Ranar da muka fara haɗuwa a harabar masallacin Huaisheng bayan an sauko Juma'a, da ya ji garin da na fito sai ya ce, "Ashe har nan bayinmu suka iso." Na ce masa shi kuma yunwa ce ta koro shi har bangon duniya. Wasan Kano da Damagaram ne, gadonsa muka yi. Daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Bakano.

A shekarun nan aka fara yayin nuna kaya ta kwamfuta. Da can sai ka sayi samfuri, ka ba matafiyi ya kai gida, ka zauna jiran a gani a kira ka. Sai ga sabuwar dabara: ka ɗauki hoton takalmi, ka zuba shi a wata kwamfuta da ba a kashewa, mai saye a gida ya shiga kafe, shagon intanet, ya buɗe ya gani ya zaɓa. Irin wannan kwamfuta ita ake kira saba. Ba ta da wani kyan gani, akwatin ƙarfe ce mai gurnani, amma ita ce shagonka da ke buɗe ko kana barci.

Badamagaren ne ya kawo shawarar mu sayi guda ɗaya mu uku, kowa ya ware gefensa a ciki. Alhaji ya ce to. Ni na ce a'a.

A harkar takalma ba farashi ake ɓoyewa ba, ƙofa ake ɓoyewa. Wane bene, wane hawa, wane lungu, wane lawban ne yake yin wannan takalmin. Lawban shi ne mai shago a bakin mutanen can. Wanda ya san ƙofarka ya gama sanin kasuwarka. Ni kuwa na taso a inda ake cewa ko ɗan uwanka kada ka nuna wa bakin rijiyarka, kuma Damagaram ba ta da nisa da Kano, mota tana zuwa ta dawo a yini. Ban faɗi haka a fili ba. Na ce dai kowa ya ɗora tukunyarsa, kada wata rana a ce miyar wani ta zuba a ta wani. Ya dube ni ya yi dariya.

"Kano tumbin giwa," in ji shi, "ko da me ka zo an ɓoye maka."

Aka sayi uku. Na yi shekaru ina ganin wayo na yi a ranar.

Wadda ta zo haɗa mana su wata 'yar China ce mai gajeren gashi, ta kai sa'ar ƙanwar uwata, tana da shago a kasuwar kwamfuta. Madam muke ce mata. Ta dubi teburinmu ɗaya tilo, ta dubi saba uku a ƙasa, ta auna da hannu inda za a jera sikirin uku da kibod uku, ta girgiza kai.

"Meyo," ta ce. Wato babu. Kalmar da kowane baƙo yake fara koya ke nan a garin.

Washegari ta dawo da wani ɗan akwati baƙi, bai fi sandar sabulu biyu a haɗe ba. A gabansa maɓallai huɗu, kowanne da 'yar fitilarsa. Ta tura sabobin ƙarƙashin tebur, ta jawo wayoyi daga bayan kowacce ta cusa a bayan akwatin, sannan ta haɗa masa sikirin ɗaya, kibod ɗaya, da maus ɗaya, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, wanda mu ɓera muke ce masa. Ta danna maɓalli na ɗaya, sai ga tawa a sikirin. Ta danna na biyu, sikirin ya yi baƙi kamar ƙiftawar ido, sai ga ta Badamagare. Na uku ta Alhaji. Na huɗu ba kowa. Duk wanda ka danna, kibod da ɓera shi suke yi wa aiki, sauran biyun kuma suna can suna harkarsu a duhu.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu.

"Wannan mace ya san aiki," ya ce. "Zaure ɗaya, ɗaki uku."

Ni firamare na tsaya, Turancin da ke kan sikirin sai na bi shi a hankali da yatsa. Amma akwatin nan take na gane shi, don a irin wannan gidan aka haife ni.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, duk rabon tukunyar da na yi, ga shi an bar ƙofofin uku a jere ba ko asabari. Wata rana na shiga tawa ina jera hotunan wani sabon takalmi mai igiya da na samo, katin lawban ɗin ma yana cikin hoton, sai na tashi in yi alwala. Badamagare ya danna nasa ya yi abin da zai yi ya tashi. Alhaji ya zauna, maimakon na uku sai yatsansa ya sauka a na ɗaya. Na dawo na tarar da takalmina ya cika sikirin, su biyun suna kallo.

Na haɗe fuska. Na miƙa hannu ta saman kafaɗar dattijon na danna na uku da ƙarfi, har akwatin ya matsa. Alhaji ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Badamagare ne ya kwance abin.

"Alhaji, kai ma da laifinka," ya ce. "Ka taɓa ganin an faɗa ɗakin Bakano ba sallama? Ko ɗakin da ba komai sai tabarma, sai ya ce ka ga dukiyarsa."

Alhaji ya yi dariya, ni ma na yi, ko da yake tawa ba ta kai ciki ba. Badamagare ya ɗora yatsa a kan maɓalli na ɗaya, ya gyara murya kamar baƙo a ƙofar gida.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Wa alaikumus salam," na ce. "Amma mai gidan ba ya nan."

"To mun koma."

Da wasa aka fara, sai ya zama doka. Duk wanda wata bukata ta kai shi maɓallin wani, ko don ya tura masa hoto, ko don ya duba masa wani abu, sai ya yi sallama, kuma sai mai ɗakin ya amsa kafin ya danna. In ba a amsa ba, ba a shiga. Har Madam ta koya. In ta zo gyara sai ta ɗaga yatsa a kan maɓalli ta ce "salamaleku", ta jira mai shi ya amsa, sannan ta danna tana murmushi. Na tabbata a ganinta wata al'adar addini ce, ba ta san fushina ne ya haife ta ba.

Ɗakin Badamagare yana da wani abin mamaki. Shi da Faransanci ya yi makaranta, don haka ya sa Madam ta saita masa sabarsa a kan tsarin Faransa. Kibod ɗaya ne, amma da zarar an danna na biyu sai wasu haruffa su sauya wuri, ka buga wannan wancan ya fito. Shi ko kallon kibod ɗin ba ya yi. Na ce masa ko kwamfuta in ta shiga hannun Damagarawa sai ta karkace. Ya ce ba karkacewa ba ce, ladabi ta koya.

Haka muka zauna lafiya har shekarar wasannin Olamfik.

Wasannin a Beijing za a yi su, can arewa, amma iskarsu ta iso mu tun da wuri. Aka share tituna, aka rataya tutoci, kowane shago da hoton 'yan tsanan wasannin. Mu abin da ya shafe mu biza ce. Da can in taka ta kusa ƙarewa sai ka tsallaka Hong Kong ka sabunta ka dawo. A shekarar aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Otal-otal ɗin titin Liuhua da a da ba ka samun ɗaki suka yi fayau. A masallaci kowace Juma'a sai ka ga sahu ya ragu, ka tambayi wane, a ce ya tafi gida neman takarda. Kowa da fasfo a aljihun gaba, ko shago za ka sauka sayen ruwa.

Tawa da ta Alhaji suna da sauran kwana. Ta Badamagare ce ta zo ƙarshe ana saura kaɗan a fara wasannin. Lokacin kuwa ba shi da daɗi, don azumi yana tafe, kuma duk mai harkar takalma ya san shekararsa a kan takalman Sallah take. Dabararsa ita ce, ya bar sabarsa cike da hotuna, mutanensa na Zinder, wato Damagaram, da Maraɗi su ci gaba da shiga suna zaɓa, shi kuma ya samo biza ya dawo ya yi lodi a kan kari.

Na raka shi tasha da jakarsa. Da zai shiga mota ya riƙe hannuna.

"Bakano, ka kula mini da ɗakina."

"In Allah ya yarda."

"Kada ka sayar da shi kafin in dawo."

"Wa zai saya? Ɗakin da haruffa ma ba su san wurin zamansu ba."

Bayan tafiyarsa ba da daɗewa ba aka yi wani ruwa mai iska, irin na damunar can, wanda yake zuwa daga teku ya mai da rana kamar magariba. Wuta ta ɗauke a benenmu, abin da ba a cika yi ba. Da ta dawo na durƙusa na kunna sabobin uku ɗaya bayan ɗaya. Duk suka yi gurnani. Na danna na ɗaya, tawa ta tashi lafiya. Alhaji ya danna na uku, tasa ma haka. Fitilar na biyu tana ci, koriya shar, kamar kullum.

"Duba na yaron nan," in ji Alhaji. Duk wanda bai kai shi shekaru ba yaro ne.

"Ga fitila tana ci, Alhaji."

"Fitila daban, ciki daban. Ya ce ka kula."

"Ya ce in kula. Bai ce in shiga ba."

"To ka yi sallama mana."

"Wa zai amsa?"

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. Na ce masa in yana so shi ya danna. Ya ce shi ba a ba shi amana ba, ni aka ba, kuma shi ya taɓa shiga ɗakin mutum sau ɗaya ya ga abin da ya gani a fuska, ya ishe shi.

Gaskiyar magana, kunya ce ta riƙe mini yatsa. Ni ne na ɓata rai don an ga takalmi ɗaya nawa. Yanzu in zauna ni kaɗai, mai ɗaki yana wata duniya, in buɗe ƙofofinsa duka in kalla? Ko ban ɗauki komai ba, na gani, kuma abin da ido ya gani ba ya mayarwa. Na gwammace in tsaya a bakin ƙofa in ce na kula. Kowace safiya sai in goge ƙurar sabarsa, in taɓa jikinta in ji ko ta yi zafi, in dubi fitila. Ban san cewa inji yana iya kasancewa a kunne amma ba ya aiki ba, kamar mutumin da ya farka ya zauna bakin gado bai tashi ba.

Ya kira ni sau ɗaya a tsakanin, daga Yamai, yana bin layin biza. Ya ce wani daga cikin mutanensa ya ce shafin ba ya buɗewa.

"Lafiyarta ƙalau," na ce. "Ga ta nan tana gurnani, fitila tana ci."

"Dakor. To matsalar daga can ne. Ka san kafe ɗinmu, in wutar kuran ba ta ɗauke ba layi ya ɗauke."

Ya yarda da ni. Daga baya na ji har faɗa ya yi da mai kafe a Zinder ta waya, ya ce masa ya gyara kayansa.

Aka yi ta wasanni. A gidan abincin 'yan Xinjiang da muke cin taliya da naman rago, talabijin ba ya mutuwa, ana ta nuna masu iyo da masu tsalle. Ni ban damu da su ba sai ƙwallo, don 'yan ƙasarmu sun yi ta ci har suka kai wasan ƙarshe. Ranar wasan da tsakar rana muka cika gidan abincin, har da 'yan Ghana da 'yan Nijar da suka ce yau kowa ɗan Najeriya ne. Aka cinye mu. Na hau bene jiki ba ƙwari, na yi la'asar, ina naɗe darduma waya ta yi ƙara.

"Bakano, an ce kun kai bakin rijiya kun dawo da guga ba ruwa."

"Ku da ko hanyar rijiyar ba ku sani ba."

Ya yi dariya, amma gajeriya. Sai ya sauya murya.

"Ka ga, na dawo Zinder. Ba su ba ni bizar ba, sun ce in sake dawowa. Yanzu haka ina cikin kafe, na gwada da hannuna, na je wani kafe ɗin na sake gwadawa. Ba ta buɗewa. Me kake gani a sikirin in ka danna nawa?"

Na dubi maɓalli na biyu.

"Alo?"

"Ban danna ba."

"Yau?"

"Tun da ka tafi."

Na ji hayaniyar titi ta wayarsa, babur ya wuce, wani yana tallar ƙanƙara. Alhaji yana zaune a gefe yana jan carbi, bai ɗago ba. Na jira faɗa, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

"Kana gaban akwatin?" ya ce.

"Ina gabansa."

"To yi sallama."

Na ɗora yatsa a kan maɓalli na biyu. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Shigo, bawana. Ka cire takalmi."

Na danna. Sikirin baƙi ne, da 'yan layukan farin rubutu a sama. Na karanta masa su harafi-harafi. Ya ce tun ranar da wuta ta ɗauke take tsaye a nan, tana jiran a danna mata maɓalli guda a saman kibod ta wuce. Ya faɗa mini wanne. Na danna. Ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya gudu, ta tashi. Abin da ya tsayar da kasuwar mutum tun farkon wasanni har ƙarshensu bai kai ɗaukar cokali a kai baki ba.

Sai ta nemi kalmar sirri. Ya faɗa mini ita ba tare da ya ja numfashi ba, kamar yana faɗa mini sunan unguwarsu. Na buga, ta ƙi. Ya tuna mini cewa a ɗakinsa nake, haruffa ba inda na san su suke ba, ya bi da ni ɗaya-ɗaya: wannan yana inda kake zaton wancan, wancan yana ƙasa. Ta buɗe.

"Wala," ya ce. "Ga shi ya buɗe a nan ma. Amma hotunan sun tsufa, Bakano. Abin da ke ciki yanzu kowa ya gan shi a kasuwa. Kana da biro?"

"Me za a yi?"

"Ƙafa za ka ara mini. Ni ba ni da ita a can."

A tsaye a cikin kafe, mutane suna jinsa, ya shiga faɗa mini ƙofofinsa. Bene kaza, hawa kaza, ka wuce masu takalman yara ka karya hagu, akwai wata mata mai tabon ƙuna a hannu. Wani lawban kuma ba ya ajiye mai kyau a gaba, sai ka ce masa dogon nan ne ya aiko ka. Bai rage ko ɗaya ba. Na ce masa ya isa haka, kuɗin waya. Ya ce in bar shi ya gama, ba kullum Badamagare yake samun Bakano yana yi masa dako ba.

Washegari na rataya kyamara na fita. Na shekara da shekaru a titin Zhanxi, amma wasu lungunan ban taɓa sanin akwai su ba. Matar mai tabon ƙuna da na ce mata dogo ne ya aiko ni, sai ta ɗaga hannu sama tana kwatanta tsayinsa, ta tambaya da ido ina yake. Na ce biza meyo. Ta girgiza kai, ta jawo mini kujera, ta zuba mini shayi, ta fito da abin da ba ta nuna wa masu wucewa. Na ce shiye-shiye, wato na gode, na ɗauki hotuna. A wani shagon na ga takalmin da na san in ya sauka Ƙofar Wambai ba zai kwana ba. Na ɗauki hotonsa na kai ɗaki na biyu, ban kai na ɗaya ba. Ba na faɗin wannan don a yaba mini. Mutumin da ya bar maka gidansa a buɗe ya riga ya ɗaure maka hannu.

Sauran maganar sallama. Ya ce in riƙa shiga kawai, na ce ba zan iya ba. Kira kullum kuma tsada. Alhaji ne ya raba gardamar, ya ce ai akwai filashin. Haka muka yi. La'asar ɗinmu ita ce hantsinsu. In na dawo daga kasuwa na yi salla, sai in kira lambarsa in bari ta yi ƙara ɗaya in kashe. In jira. Can sai tawa ta yi ƙara ɗaya ta mutu. An amsa ke nan. Sai in danna na biyu, in zuba hotunan ranar, ina laluben haruffansa har na saba da su. Wata rana amsar ta yi jinkiri, na zauna da yatsa a kan maɓalli shayina yana hucewa. Alhaji ya ce, "Wannan yaro ya tafi bayan gida ne, ka shiga." Ban shiga ba sai da ta yi ƙara.

Azumi ya kama muna cikin haka. Jirgin ruwa ya riga ya wuce mana, sai na sama, ga tsada, ribar ta zama kaɗan. Mutanensa suka zaɓa, ni na saya, na tsaya a kan ɗauri, Alhaji ya haɗa mu da wani mai kargo ɗan garinsu. Kayan suka sauka ana cikin goman ƙarshe. Ya kira ya ce sun iso, an raba, yara za su sa sabon takalmi a Zinder, kuma duk wanda ƙafarsa ta yi kanta ya ce masa Bakano ne ya zaɓa.

Abin da bai faɗa mini ba, a bakin Alhaji na ji shi bayan Sallah. Manyan mutanensa biyu, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwarsa, sun gaji da jiran shafin da ba ya buɗewa tun ana tsakiyar wasanni, sun koma wurin wani. Ba su dawo ba. Na kira shi na fara magana, ya katse ni.

"Wanda ya tafi don ƙofa ta rufe kwana kaɗan, da ma a bakin ƙofa yake zaune. Bar wannan. Yaya matar nan mai shayi?"

Na bar shi, tun da haka ya so. Amma na san abin da na sani. Da na bi shawararsa tun farko aka sayi saba ɗaya, da ranar da wuta ta dawo zan ga abin da ya tsaya in tashe shi.

Biza ba ta samu ba a shekarar, da ta fara samuwa kuma ya riga ya kama shago a kasuwar garinsu, mahaifiyarsa ta tsufa, ya ce ya gaji da cin shinkafa da tsinke. Muka daidaita a kan ni ne ƙafarsa a can, shi ne bakina a Nijar. Wata la'asar na yi filashin, maimakon amsa sai ga kira.

"Bakano, wai har yaushe za ka riƙa tashina da wannan ƙarar? Kira Madam ta kwashe kayan ɗakina ta zuba a naka. Inji biyu na mene ne, mutum ɗaya yana share su?"

"Ka tabbata?"

"Tun ranar farko na tabbata. Kai ne ka tsaya lissafi."

Madam ta zo da jakarta ranar wata Asabar. Na yi mata bayani da ɗan Turancina da hannu: na biyu zai koma cikin na ɗaya, a kashe na biyu. Ta gane. Ta tambayi dogo, na ce yana gida, lafiya lau. Ta zauna, ta jawo kibod, ta ɗaga yatsa a kan maɓalli na biyu kamar yadda ta saba.

"Salamaleku," ta ce, ta tsaya tana jira.

Na dubi Alhaji. Ya ci gaba da jan carbinsa, ya nuna ni da haɓa.

"Wa alaikumus salam," na ce. "Shigo."